Hayaƙin Motar Malam

Ni dai sana'ata ƙuli-ƙuli. Tun ina budurwa nake matsar gyaɗa a unguwarmu ta Jega Magaji, kuma in ana maganar raba mai da tunkuza, to a matsa a ba ni wuri. Amma mota? Abin da ya haɗa ni da mota bai wuce wankin rigunan mai ita ba, da mitar baƙin man da ba ya fita ko an ƙarar da sabulu. Sai ga shi da furfurata na cusa hannu har gwiwa a cikin inji, kuma ba don sha'awa ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Malam nake ce masa, shi kuma in yana cikin nishaɗi ya ce mini Mai Ƙuli. Hanyarsa ba mai nisa ba ce, Jega zuwa Aliero, Jega zuwa Maiyama, ya kwaso 'yan kasuwa da buhunan albasa da Fulani masu nono, ya dawo gida kafin magariba. Tun yana karen mota yake kan hanyar nan. Motarsa ta ƙarshe 'yar Kwatano ce mai kujera jere uku, kuma ya fi tattalinta a kaina, na sha gaya masa ido da ido. Yana da wata ɗabi'a da duk tasha ta san shi da ita: bakanike ba ya taɓa masa mota sai in abin ya kai ga sauke inji. Komai a tsakar gidanmu yake yi, ƙarƙashin dogonyaro. Saboda haka ma ya fasa katanga ya sa ƙofar ƙarfe, motar ta riƙa kwana a ciki tare da awakina.

Idonsa ne ya fara tafiya, kuma ni na fara ganewa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska a gefensa. Ya yi tuntuɓe da randar da take wurinta tun zuwana gidan. In na tsaya a gefensa ba ya sanin ina nan sai na yi magana, sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya. Wata rana ya dawo tun kafin la'asar, ya ƙi cin abinci, ya zauna a tabarma. Daga baya a bakin wata mai sayen mai na ji cewa wajen Sarandosa madubin motarsa ya doke ƙwaryar nonon wata Bafillatana da ke tafiya a gefen titi. Allah ya tsare, ƙwaryar kaɗai ta fashe. Kowa ya ce tsautsayi ne. Ni na san bai gan ta ba ne sam.

A makon ne motar ta fara hayaƙi, na gaske ba na ƙarya ba, fari mai shuɗi-shuɗi, har kajina suka daina kiwo a bayanta. Tana shan baƙin mai babu ƙoshi, kuma in tana tsaye a kunne sai ka ji wani siririn fito daga cikin inji. Malam ya kasa kunne, ya taɓa murfin mai ya ji yana tsotsa, ya ce safareta ce ta mutu. Na ce mece ce kuma safareta?

Ya ce, "Aikinki taka yi. Inji na hitar da iska haɗe da mai, ita ka raba su, ta maida mai ƙasa, iska ta wuce. In 'yar hwatar da ke cikinta ta yage, sai man shi bi iska shi ƙone. Shi na hayaƙin da kinka gani."

Na ce ashe abokiyar sana'a gare ni a cikin motar ban sani ba, a gaishe ta da jiki. Ya yi dariya, ya lulluɓe motar da tamfol, ya ce irin tata ba a samu a Jega, ba a samu a Birnin Kebbi, sai dai ko Kudu. Duk da haka ya shirya ya tafi Birnin Kebbi a motar haya, wai neman ta. Da na zo wankin rigar da ya je da ita, na tarar da 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido a aljihu. Na nuna wa wata maƙwabciyata mai aikin asibiti, ban ce mata na wane ne ba. Ta ce na hawan jinin ido ne, yana rage wa ciwon gudu, amma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Na wanke rigar, na shanya, na ninke, na mayar da kwalbar aljihun da na same ta. Ya sa rigar, ya ji kwalba a aljihun wankakkiyar riga, ya bar ta inda take. Tun daga ranar ya san na sani.

'Yan yanzu za su ce me ya hana ki yi masa magana? Yo ta ina? Mu ba haka aka tashe mu ba. Namiji in ya lulluɓe abinsa, ba matarsa ce za ta yaye ba. Kuma na gane abin da yake karewa. A tasha, direban da motarsa ke kwance direba ne har gobe. Wurinsa na nan a benci, ana ajiye masa layinsa, in matasan direbobi sun yi faɗa shi ake kai wa ƙara, in mota ta yi wani baƙon kuka a kira shi ya saurara. Kullum da safe sai ya kafa hula ya kama hanyar da ƙafarsa ta haddace, a tambaye shi, "Oga, har yanzu?" ya ce, "Har yanzu, ba a samu ba." Amma ranar da aka ce idonsa ne, sai a fara yi masa magana da ƙarfi kamar kurma, a cusa masa 'yan canji a aljihu, a kama masa hannu wajen tsallaka titi. Wannan kamun hannun shi ne abin da Malam ya fi tsana a duniya. Ya sha cewa gara a ɗauke shi a makara da a ja shi.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Hayaƙin nan ya rufa masa asiri, ya kuma tsare ran 'ya'yan mutane. Bayan kowace salla sai na roƙi Allah kada a taɓa samun safaretar nan a duk faɗin ƙasar. Damina ta wuce, aka yi kaka, aka dasa albasa, tamfol ya yi ƙura. Ƙuli ya riƙe gidan, 'ya'yanmu mata da ke ɗakunansu suna aiko abin da ya sawwaƙa. Ba mu wadata ba, amma ina barci da ido biyu a rufe.

Malam yana da ƙane guda ɗaya, Malam ɗin ne ya koya masa tuƙi, a lokacin ƙanen yana jan babbar motar wani mai albasa daga Aliero zuwa Kudu. Mutumin kirki ne, sai dai irin kirkin nan da ba ya sallama kafin ya shigo. Wata safiya ina tsakiyar suya sai ga shi, baki har kunne, da ɗan kwali a hammata.

"Matarmu, kawo goron albishir!"

Na ce, "Kai da ba ka taɓa zo mani da ko albasa ruɓaɓɓa ba? Mi kas samo?"

Ya durƙusa gaban yayansa ya buɗe kwalin. Wai ya gaji da ganin Yaya a benci, shi ya sa duk zuwansa Kudu sai ya bi shagunan kayan mota da hoton abin a waya, har Allah ya haɗa shi da ita. Sabuwa dal, da tiyoyinta. Na kalli abin, baƙar roba ce wadda ba ta kai butar alwala ba. Ji nake kamar in wurga ta cikin kaskon mai.

Malam ya karɓa, ya shafa ta da yatsu ta ko'ina, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Ita ta. Allah shi yi maka albarka."

"Yaya, in zo gobe in kama maka?"

"Tun yaushe kag ga an kama mani mota?"

Ƙanen ya yi dariya. "To shi ke nan. Ni dai na biyo ta tasha na hwaɗa musu, ranar kasuwa Oga za shi lodi. Duk sun ce a gaishe ka."

Tabɗi! Na so in bi shi da muciya har bakin titi. Amma me ya yi? Alheri ya yi, kuma alherin ɗan'uwa ba a tura shi ƙarƙashin gado a ce ya ɓata. Ranar ƙulina ya ƙone har sau biyu. Na san mijina, na san taurin kansa. Abin da nake tsoro shi ne kunyar tasha ta sa ya cika motar nan da mutane ya hau titi da idon da bai ga mace da ƙwarya a kanta ba.

Washegari bayan mun karya, ya tashi ya sa sakata a ƙofar ƙarfe, ya yaye tamfol. Ya tsaya jim a gaban motar, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mai Ƙuli, yau ba ki suya. Wurin ya yi ma hannuna ƙanƙanta, naki za shi shiga."

Hannun da ya yi shekara da shekaru yana shiga wurin, yau shi ne ya yi girma. Na san dalilinsa. In ya kira bakanike zai gane idon ne, in ya kira ƙanensa zai gane, ni kaɗai ce na riga na gane. Na ɗaure zanena da ɗankwali a ƙugu, na ce, "To Oga, ga karen motarka, sai dai ka san ba ni aikin banza." Ya ce zai biya ni da albasa.

Ya fara cire kan batir da kansa, wannan ko a mafarki zai iya. Sannan ya ce in kawo faranti. Na kawo tiren da nake jera ƙuli, duk kusar da ya kwance sai ya ajiye ta a jere daga hagu zuwa dama, ya ce kada in taɓa ko ɗaya. In ya ce in miƙo sifana mai lamba kaza, ni ke karanta lambar, shi kuma ya shafa bakinta da babban yatsa ya ce daidai. Muka cire akwatin iska da babban bututun da ke jikinsa. Can ƙasa, a wani lungu da ko mai ido sai ya karkace, ya ce a nan take zaune. Na leƙa na gan ta, ta yi baƙi ƙirin, mai ya jiƙa ta ƙura ta bi ta manne.

Ana cikin haka kusa ɗaya ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana lalube a yashi. Ga ta nan dab da ƙafarsa ta hagu, tana ƙyalli a rana, shi kuwa yana shafa ƙasa ta dama. Na sa ɗan yatsan ƙafata na turo ta a hankali har ta taɓa hannunsa. Ya ɗauka ya hure ta, ya ce, "Ga 'yar banza." Na ce, "Ai kuwa." Na miƙe na ce bari in duba wuta, alhali ban hura wuta ba.

Wutar ma sai da na hura, don tsofaffin tiyoyin sun bushe sun ƙage. Ya ce in aka ja su a haka karyewa za su yi su bar guntu a ciki, sai an yi musu ruwan zafi. Na dafa ruwa a buta, ina tsiyayawa a hankali, shi yana murzawa. Biyu suka saki lafiya. Na ukun, wanda ke can ƙasa, ni na shiga masa. Ya ce in matse wuyansa ta gefe biyu in ja. Na matse, na ja, ƙarfe ya kwashe mini fatar bayan hannu, na saki ashar ɗin da na manta na iya. Malam ya ce, "Madalla, kin zama bakanike." Muka yi dariya tare, kuma na daɗe ban ji dariyarsa irin ta da ba.

Da tsohuwar ta fito, bakinta duk wani ƙazanta ne rawaya kamar nonon da ya kwana biyu a rana. Ya sa sukundireba ya ɓalle murfinta, ya zura yatsa ya shafa fatar robar da ke ciki har yatsan ya faɗa a yagar. Ya miƙo mini. "Taɓa ki ji. Ɗan wuri ƙanƙane, ga mota ta kwanta." Na taɓa, na miƙa masa abinsa da sauri.

Muka share wurin da tsumma. Ya shafa ɗan mai a zobban robar sabuwar don su shiga ba gardama, ya zaunar da ita, ya ɗaure kusoshinta da lalube, ba ya ko kallon wurin, fuskarsa na sama wajen ganyen dogonyaro. Sai aka zo kan tiyon ƙasa, wanda ke mayar da mai. Ya ce in tura shi har sai na ji ya ce ƙas, in bai ce ba to bai zauna ba, kuma mota za ta ci gaba da halinta.

Hannuna na can ciki, babu mai gani sai Allah. Na tura shi rabi na tsaya. Wallahi har yau ban yi nadamar wannan ba, da ya yiwu da na bar shi a haka.

"Ya shiga?"

"Ya shiga."

"Ban ji ƙas ba."

"Kunnenka na, Malam. Awaki na kuka."

Bai yi gardama ba. Ya matso, ya bi damtsena da hannunsa har ƙasa, hannun nan da aka ce ya yi girma ya shige sumul, ya kama wuyan hannuna ya tura. Ƙas. Ya ɗan daɗe bai saki ba. Ya ce a hankali, "Mota ba ta yi muna laihi ba, Mai Ƙuli." Na zare hannuna na ce ai ƙarfina ne bai kai ba, ya ce haka ne.

Muka mayar da komai, yana ɗaukar kusoshi daga dama zuwa hagu har tiren ya koma fayau. An kira azahar, ya yi salla, na yi. Ya haɗa batir, wanda duk watannin nan yake cirewa ya kai caji don kada ya mutu. Ya shiga ya zauna a kujerarsa, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama.

Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, awaki suka watse. Daɗi ya kama ni har na kusa guɗa. Na ce, "Malam, ba ta yi ba! Ga hayaƙi nan kamar an sa ma bola wuta!" Ya leƙo ta taga ya ce in kwantar da hankalina, tsohon man da ya taru a salansa ne, wato bututun hayaƙi, sai ya ƙone tukuna. Ya ce, "Saurara. Ina hiton?" Na saurara. Babu fito. Injin na tafiya sumul, ba rawa ba tangarɗa.

Ya riƙa ba ta wuta yana sassautawa. Ni ina tsaye a baya ina kallon hayaƙin yana raguwa, daga gajimare ya koma zare, daga zare ya koma babu. Ina kallon bakin salansa ina roƙon ko ɗan kaɗan ya dawo. Har kajina suka komo suna tsattsagar ƙasa a wurin.

Ya bar ta a kunne ya fito. Ya bi jikin motar da tafin hannu har ya zo baya, ya tsaya kusa da ni, ya fuskanci salansa. Ya ƙura wa wurin ido, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Sannan ya yi tambayar da duk zamanmu bai taɓa yi wa kowa ba.

"Akwai hayaƙi?"

Na ce, "Akwai."

"Da yawa?"

"Da yawa."

Ya durƙusa, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya ɗago ya murza yatsu, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe a durƙushe.

"Hancina lahiya lau shike, Mai Ƙuli," ya ce. "Idon na dai babu."

To fa. Abin da muka yi wata da watanni muna zagayawa, yau ya fito fili tsakar rana. Maimakon in lallashe shi sai zuciya ta ɗebe ni, don ni haka nake, in tsoro ya yi mini yawa faɗa yake komawa. Na ce, "To tunda ka sani, mi za ka yi ranar kasuwa? Ka kwashi ɗiyan mutane ka kai su ina? Wancan karon ƙwarya ta, wanga karon kan wa za shi zama? Na rantse da Allah in ka hita da motag ga sai dai ka bi ta kaina!" Ina faɗa ina kuka, ina share majina da bayan hannun da ya yi baƙi da mai.

Ya bar ni na gama. Ya miƙe, ya lallaɓa ya kashe motar, gidan ya yi tsit. Ya dawo ya zauna a bayanta.

"Kin ɗauka ba ni jin ƙarar ƙwaryar nan? Kullum sai na ji ta. Amma ba ni ɓoye maki, har munka ɗaure kusar ƙarshe ina ce ma raina, ko Aliero kaɗai, da rana tsaka, sannu-sannu." Ya shafa jikin motar. "Sai nij ji bakina na tambayarki hayaƙin motata. Direban da ka tambayar matatai hayaƙin motatai, ai ya gama."

Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Na ce to da mun bar ta a lulluɓe, wa ya aike mu? Ya ce a'a, gara da aka gyara. Ba za a ce Oga ya ajiye tuƙi don mota ta gagare shi ba. Za ta bar hannunsa lafiya lau kamar yadda ta shigo. Na ɗebo ruwa da toka da sabulu, na zauna na wanke masa hannu yatsa bayan yatsa, bai hana ni ba.

Ranar kasuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya aika aka kira ƙanensa. Ya zo da murnarsa, yana cewa ina amarya ta fito. Malam ya miƙa masa makulli, sai dai ya miƙa shi ɗan gefe da inda yake tsaye. Ƙanen ya kalli hannun, ya kalle ni. Malam ya gaya masa komai a taƙaice, ya ce ya bar jan motar mutane ya riƙe wannan, ya riƙa duba mai kowace safiya, kuma kada ya kuskura ya kai ta wurin bakanike a kan abin da zai iya da kansa. Ƙato da gemu ya durƙusa yana kuka yana cewa, "Yaya, da na sani da ban kawo ta ba." Na ce masa, "Tashi don Allah, ni na riga ka yin wannan kukan, kuma bai yi magani ba."

Malam ya ce lodin farko nasa ne, a kai mu Giwa Tazo ya gai da yayarsa, ta ji daga bakinsa kafin ta ji a gari. Amma sai an biya ta tasha. Ina zaune a baya na ga direbobi sun taso suna, "Oga ya dawo! Oga ya dawo!" Sai suka ga wanda ke riƙe da sitiyari, suka yi turus. Malam ya sauke gilashi ya ce musu, "Mota ta samu lahiya, ku zagaya ku duba salansa. Mai ita na ido ya ƙare ma. A ba ƙanena layina." Babu wanda ya zagaya. Wani tsohon abokinsa ya matso ya fara yi masa jaje da ƙarfi, yana rarraba kalmomi. Malam ya ce, "Ina ji, ba kunnen ba na," ya ɗage gilashi.

Muka kama hanyar Maiyama. Tunda Malam ya sayi motar bai taɓa zama a kujerar gefen direba ba sai ranar. Ina hango ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa duk inda ya kamata a taka birki. Hanyar kuwa tana kansa kamar fatiha. Ya ce a rage, nan shanu ke tsallakawa, sai ga shanu. Ya ce a yi hon, akwai kwana mai ɓoye mashin, aka yi. Muryarsa ta fara dawowa, har ya fara yi wa ƙanen faɗa a kan canjin giya kamar zamanin da yake koya masa.

Can gaba ya ɗaga hannu. "Rage, rage! Bayan kwalbatin ga akwai rami, ka bi ta hagu, ya sha cinye ma mutane taya."

Na leƙa. Babu rami. A watannin da ya yi a benci an cike shi an shafe da kwalta, sai baƙin tabo kawai. Ƙanen ya ɗago ido ya kalle ni ta madubi. Sannan ya taka birki, ya sauya giya, ya karkata hagu a hankali ya zagaye wurin da babu komai, ya dawo hannunsa.

Malam ya ce, "Ka gani? Da ka hwaɗa."

Ƙanen ya ce, "Wallahi kuwa, Yaya."

Na juya fuskata wajen gonaki, na toshe bakina da mayafi har muka isa.

A ƙofar gidan yayarsa ƙanen ya riga mu shiga da tsaraba. Malam ya fito ya tsaya dafe da ƙofar motar, bai motsa ba sai da ya ji na zo kusa. Ya rage murya.

"An cike ramin nan ko?"

Na ce, "An cike."

"Na ji. Ko tsakuwa ɗaya taya ba ta taka ba." Ya ɗan yi murmushi. "Kada ki hwaɗa mai na gane. Ya kauce da kyau."

Mutane na zaune a gindin bishiya suna kallonmu, ga dakali, ga kwata a bakin zaure. Ya rufe ƙofar motar, ya shafa ta sau ɗaya, ya gyara zaman hularsa. Sannan ya miƙo mini hannu, a gaban kowa. Na kama, muka shiga.